Masu Akuya Ba Su Tashi Ba

Watan jiya na je asibiti karɓar maganin hawan jini, na tarar da 'yan makarantar jinya tsaye a baranda ana raba musu wuraren aiki. Wanda ya faɗa ɗakin farfaɗowa har da tafi. Na ji da kunnena yana ce wa abokinsa, "Can ai kujera ce da fanka. Ka zauna ka jira su tashi." Na wuce abina, don ba ni gyara mutum a gaban jama'a. Amma na yi shekara goma sha tara a kan wannan kujerar, kuma tunda yanzu ina da lokaci, zan rubuta abin da ke cikin zaman, ɗaya bayan ɗaya, yadda aka koya mini. Mai karantawa ya fara daga farko. Kada ya tsallake.

Sunana Illo, ni ɗan Tsarnawa ne. Lakwal, wato makarantar boko, aji shida na yi, na zauna jarrabawar sartifika sau biyu ban samu ba. Babana ya so in shiga aikin siminti a Malbaza kamar sauran samarin garinmu, sai dai ƙirjina ba ya jure ƙura. Wani kawuna ne ya samar mini aikin shara a wani asibiti na yankinmu, a farkon shekarun tamanin. Shekara biyu ina tsintsiya da bokiti. Daga nan aka mai da ni ɗaukar marasa lafiya daga bulok, wato ɗakin fiɗa, wanda mutanen tsallaken iyaka ke kira tiyata. Ina ajiye mutum in fita, ban san abin da ke faruwa bayan na ja ƙofa ba.

Mai riƙe da ɗakin farfaɗowa a lokacin wata dattijuwa ce, Inna Kuluwa. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma ranar da ba ta zo ba likita ba ya son yi wa yaro aiki. Wata rana na kawo wata yarinya da aka gyara wa karayar hannu, na ajiye ta rigingine na juya. Sai na ji an cafko mini gefen riga.

"Kai ɗan lakwal, buhun gero ka kawo?"

"A'a, Inna."

"To don mi ka aje ta kamar buhu? In ta yi amai a haka, ina za shi bi? Juya ta kan haƙarƙari. Ba haka ba. Gwiwar sama gaba, haɓa sama kaɗan. Yauwa. Tunda hannunka bai da nauyi, gobe ka zo nan."

Haka na shiga aikin. Wata uku ba ta bar ni na taɓa yaro ba. Ta kan zaunar da ni a gefen gado ta ce in dubi cikin yaro in ƙirga numfashinsa da agogon bango. In ta tambaye ni nawa ne na ce "kamar ashirin", sai ta ce, "Kamar ɗin ka kai wa uwarka. Sake." Ta yi mini faɗan da ubana bai yi mini ba. Ban taɓa mayar mata da magana ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa, zan lissafa su. Gado uku, biyu masu shingen ƙarfe, ɗaya babu. Katifa ɗaya a ƙasa don ƙananan da ba a yarda da su a sama ba. Injin zuƙe yawu da majina, irin wanda ake takawa da ƙafa. Tulun oksijin, wanda wani lokaci akwai iska a ciki, wani lokaci sai sunan. Kwanon amai. Tocila. Kwali da muke yankawa daidai tsawon hannun yaro, mu ɗaure shi a ƙarƙashin hannun da ake wa ƙarin ruwa don kada ya lanƙwasa. Zanen gado a ninke huɗu. Baƙin labule a taga. Tsintsiya a bayan ƙofa, wadda doka ta hana a taɓa ta muddin akwai mara lafiya a ɗakin. Shi ke nan. Kowane abu da wurinsa, kuma duk safiya sai na taɓa kowanne da hannu kafin a shiga da mutum na farko.

Yanzu ga abin da ake tsaro. Babba in maganin barci ya fara sakinsa, ya kan yi surutai, ya kira matarsa, wani ya tona abin da bai kamata ba, sannan ya dawo. Yaro ba haka yake ba. Jikinsa ne ke fara tashi, hankalinsa na can baya bai iso ba. Ido a buɗe, ƙwayar na rawa hagu da dama, amma ba kai yake gani ba. Sai ihu. Sai shure-shure, ya bankare, ya fizge robar ƙarin ruwa, ya kai hannu kan ɗinki. Maganin da aka fi amfani da shi a zamaninmu ketamin ne. Yana da kirki, don ba ya cika tsai da numfashi, amma wajen fita yana nuna wa yaro abubuwan da babu su. Wani ya ga kare, wani ya ga rijiya, wani ya ga bango na tafowa. In an haɗa masa da baliyom tun a bulok, abin ya kan zo da sauƙi. Yawanci minti goma zuwa rabin awa ya wuce, yaron ya yi barci, ya tashi bai tuna komai ba. Aikinka shi ne ya fito daga wannan rabin awar ba tare da ya ɓata abin da likita ya yi awa biyu yana gyarawa ba.

Tsarin da Inna Kuluwa ta ɗora ni a kai biyar ne, kuma ba a sauya musu wuri.

Na ɗaya, numfashi. Yaron da iska ba ta isarsa shi ma fizge-fizge yake yi, kuma wanda ya ɗauka ruɗewa ce ya danne shi, ya kashe shi. Ka saurari maƙogwaro. In da kurkura, ka taka inji ka zuƙe.

Na biyu, launi. Ka ja leɓen ƙasa ka haska tocila, ka dubi farce.

Na uku, wurin aikin. Ka dubi bandeji ko da jini, ka duba ko zafi ne ke cinsa. Mai jin zafi ya kan kai hannu wuri ɗaya. Mai ruɗewa ko'ina yake kaiwa.

Na huɗu, mara. Ka taɓa a hankali. Sau da yawa fitsari ne ya cika, da ya zuba sai yaro ya lafa.

Na biyar, in duk waɗannan lafiya, to ruɗewa ce. Ka ja labule, ka hana surutu, ka ɗora zanen nan mai ninki a kan cinyoyinsa ka riƙe gefe da gefe, ka kare hannun ƙarin ruwa da ɗinki, sauran jikin ka bar shi ya motsa. Kada ka haye shi. Kada ka jijjiga shi. Kada ka ba shi ko ɗigon ruwa. In za ka kira sunansa, sau ɗaya, a hankali, kusa da kunne. Kuma ko gobara ake yi a waje, ba ka barin gefen gadon.

Wahalar aikin rabi yaro ne, rabi masu yaro. Na tuna wata tsohuwa daga wajen Illela da aka yi wa jikanta aikin ƙaba. Da ta ji ihunsa ta taga, ba ta yi shawara da kowa ba, ta je wurin mai shayi ta ari garwashi a kasko, ta barbaɗa turaren iskoki, ta shigo da shi tana hayaƙi, ta nufi daidai inda tulun oksijin yake. Inna Kuluwa ta tare ta a tsakiyar ɗaki, ta karɓe kaskon da hannu biyu ta miƙa mini ta taga.

"Yaya, in kika kai wutar ga wurin tulun can, mu da iskokin duka za mu tashi sama tare."

"To ba ki ji abin da yake faɗi ba? Wannan ai ba muryarsa ba ce."

"Muryar allura ce. Ni na san ta, kullum muna gaisawa. Zauna nan ki yi mai addu'a a zuci, in rana ta kai bakin tagar can bai dawo ba, ni da kaina zan hura miki wutar."

Rana ba ta kai ba ya nemi tuwo. Akwai kuma uba mai shigowa ya daka wa yaro tsawa ya natsu, yana ganin an kunyata shi a gaban ma'aikata. Akwai mai ɓoyo rubutu a kwalba cikin zane, tana jiran ka juya baya ta ɗura masa. Ba mugunta ba ce, kowa abin da ya sani yake yi. Shi ya sa dokarmu a lokacin ita ce dangi su tsaya waje har yaro ya san kansa. Na riƙe wannan doka da ƙarfi, har aka sa mini suna jandarma. Ban damu ba.

Shekarar da darajar sefa ta faɗi ita ce shekarar da ban ga irinta ba. Inna Kuluwa ta riga ta ajiye aiki, ido ya hana ta, ɗakin ya dawo hannuna ni kaɗai. Kayan da ake kawowa daga waje suka yi wuya. Baliyom ya fara ƙarewa. Safar hannu muka koma wankewa muna shanyawa a igiya. Zaren ɗinkin fata ya yanke, har aka koma sayo zaren kamun kifi a kasuwar Konni ana dafawa. Zaren ciki kuwa, wanda ke narkewa da kansa, ba shi da madadi, sai abin da ya rage a akwati. Majo Garba, babban ma'aikacin jinyar da ke ba da maganin barci, ya kan ɗaga kwalbar ketamin a hasken taga ya daɗe yana kallonta kafin ya zuƙa.

A kakar wannan shekarar, bayan an cire wake an saki dabbobi cikin gonaki, aka kawo wani yaro daga wani ƙauye bayan Bazaga. Ba zai wuce shekara bakwai ba. Ya fita da awakin gidansu da safe, ya gifta tsakanin wata saniya da ɗan maraƙinta, ta ɗauke shi da ƙaho ta farke masa ciki. A amalanken jaki suka kawo shi bakin titi, an kife masa ƙwarya a kan ciwon an ɗaure da zane, wata motar siminti ta taimaka ta ƙaraso da su. Likita ya shiga da shi da hantsi, bai fito ba sai bayan azahar.

Majo Garba da kansa ya rako gadon. Ya tsaya a bakin ƙofa yana cire hula.

"Illo, saurara. Zaren cikin da aka sa wa yaron nan shi ne na ƙarshe a gidan nan. Baliyom babu, ka sani. In ya yi yunƙurin da ya farke ɗinkin, sai babban asibitin Tawa."

"Zai kai Tawa?"

"Ba zai kai ba."

Ya koma bulok, don akwai mace mai naƙuda da ke jiran aiki. Uban yaron an riga an ba shi takarda ya tafi neman allurar kashe ƙwayoyin cuta, in bai samu a farmasi ba ya tsallaka iyaka. Uwar na waje a gindin bishiyar dogon yaro da ke daidai tagar ɗakina, da goyo a bayanta, ta ba tagar baya. Tare da ita akwai maƙwabciyarta da ta rako ta, wata dattijuwa mai baki ana ce da ita Ta-Allah, da wasu mata masu jinya da suka taru jin labari.

Na kwantar da shi a gadon gindin taga. Na ɗaure kwali. Na zauna. Kamar minti ashirin, yatsun ƙafa suka fara motsi, ido ya buɗe yana rawa. Na bi tsari. Numfashi lafiya. Leɓe ja. Bandeji fari. Mara ba ta cika ba. Na ja labule, na ɗora zane a cinyoyinsa.

Ya fara da gurnani, sannan kuka, sannan ya soma tattaro gwiwoyi yana turo ciki, wanda shi ne abin da ba na so. Na ga ɗigon jini ya fito a bandeji, kamar ƙwayar wake. Na miƙa wuya na karanta karnensa, wato katin asibitinsa, da ke rataye a ƙarfen gado. An rubuta Alasan. Na sunkuya kusa da kunnensa na ce a hankali, "Alasan."

Jikinsa ya sandare gaba ɗaya. Na ɗauka ya ji ni ne, hankali ya fara isowa. A nan na yi kuskuren da ba a koya mini ba. Aka ce sau ɗaya, ni na sake, har na ɗaga murya. "Alasan! Alasan, an gama."

Ihun da ya yi, matan waje sai da suka miƙe. Ya bankare har bayansa ya bar katifa, ya fizge hannu, allurar ƙarin ruwa ta fita da kwalin da komai.

"Ya mutu! An rufe shi! Kar ya zo! Kar ya zo!"

Na danne wurin allurar da babban yatsa, na tare cikinsa da ɗaya hannun. Jinin bandeji ya tashi daga ƙwayar wake ya kai faɗin bakin kofin shayi. Ba ni da allurar da zan ba shi. Majo hannunsa na cikin wani aikin. Ba ni da ikon barin gado. Sai na ture labule da kafaɗa na yi magana ta taga.

"Ina uwar yaron nan?"

Ba ta juyo ba.

"Baiwar Allah, ke mai goyo, da ke nake."

Ta amsa tana kallon ƙasa. "Ubanai ya tahi biɗar magani."

"Ba uban nake nema ba. Ba ke kika haife shi ba?"

Ta-Allah ta tafa hannu. "Haba Malam! Ɗan fari ne fa. Ka tambaye ta haka a tsakar mutane? Kai ba a gida aka haife ka ba?"

A gida aka haife ni, kuma ni ma ɗan fari ne. Har uwata ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Na san abin da nake nema a wurin matar nan ba ƙarami ba ne. Amma yaron na fizga a hannuna.

"To ke Iya, yaya sunansa?"

"Ba ga shi a takarda ba? Ku ne masu karatu."

"Na takardar na kira, shi ya ƙara haukata shi."

Sai uwar ta ja mayafi ta rufe baki, ta yi wa Ta-Allah magana a kunne. Dattijuwar ta dafe ƙirji.

"Wayyo! Sunan tsohon gidansu ka kira? Sunan kakanai ne aka mayar mai. Ba wanda ya taɓa kiran yaron ga da shi, wa zai kama sunan maigida a gidansa? Tsohon da daminar ga ya rasu, kuma yaron na tsaye aka fito da shi a makara. Tun ran nan ba ya yarda ya bi ta ƙofar ɗakin."

Sai na gane abin da na yi. Yaro na cikin duhu, magani na nuna masa abin da yake nuna masa, ga wani ƙato da bai sani ba ya sunkuyo kansa yana kiran mamaci.

"To da wane suna ake kiransa a gida?"

"Kakatai ke riƙonsa. Angona take ce mai. Ƙafa ta hana ta zuwa."

Na sunkuya, da gemuna da furfurar da ta fara fito mini, na ce a kunnensa, "Angona." Na ji wata a waje ta fashe da dariya ta toshe baki. Yaron ko gezau. Sunan daidai ne, muryar ce ba ita ba. Ya sake turo ciki. Jinin ya kai faɗin tafina.

Ban san daga ina tambayar ta zo mini ba. Wataƙila don na ga abin da muke yi tashi daga barci ne, ba wani abu ba.

"Iya, wa ke tashe shi da safe?"

"Ita mana. Tsohuwa ba ta motsi sai rana ta ɗaga."

"Da wane suna take tashinsa?"

"Suna kuma? Ba ta kiran suna. Ita ta san yadda take yi."

"To ta shigo ta yi yadda take yi."

Uwar ta yi magana da ni kai tsaye a karo na farko, amma har yanzu ba ta juyo ba. "Malam, ka rufa mini asiri. Mutane na kallo."

"Baiwar Allah, ki saurare ni. Allura babu. Zare babu. In cikin nan ya buɗe, ba mai rufe shi a garin nan. Ban ce ki kira sunansa ba, ban ce ki taɓa shi ba. Iya, kori matan nan."

Ta-Allah ba ta jira an sake faɗa mata ba. "Ku tashi, ku tashi! Wasan kwaikwayo ake? Ke mai dariya, mijinki na can ya zubar da kunu a gado, ki je ki gani." Na ji sawun takalmansu suna watsewa. Na mai da labule.

Shekara kusan goma ina hana dangi shiga wannan ɗaki. Ran nan ni na ce a shigo.

Ta cire takalmi a bakin ƙofa. Ba ta dubi gadon ba, ko da wutsiyar ido. Ta tsaya tana dube-dube kamar mai neman abu, sai ta hango tsintsiyar bayan ƙofa. Ta ɗauka. Na buɗe baki zan ce doka ta hana, sai na rufe. Daɓen siminti ne, kuma da safe na goge shi da ruwa.

Ta sunkuya, hannu ɗaya a baya yana tallafe goyo, ta fara shara daga bakin ƙofa, ta ba mu baya. Shara sosai, irin ta tsakar gida, tsintsiya na ƙara a ƙasa a jere. Ta yi kamar taku biyar a haka. Sannan ta yi magana, ba da ni ba, ba da yaron ba. Da bango take. Kuma ba muryar lallashi ba ce, muryar mita ce ta kowace safiya.

"Ikon Allah. Rana ta hito, masu akuya ba su tashi ba."

Ta ci gaba da shara. Yaron na ihu har yanzu, amma na ji ƙafar da ke dukan hannuna ta rage ƙarfi.

"Awakin mutane duk sun kai fadama. Na wasu na nan ɗaure ga turke suna kuka."

Ihun ya koma kuka. Ƙwayar idon da ke rawa ta fara tsayawa tana neman inda ƙarar tsintsiya ke fitowa. Ta kai ƙarshen ɗaki, ta buga gindin tsintsiyar a tafin hannu sau biyu don ta daidaita, ta juyo ta wani layin, fuska a ƙasa.

"To, ni dai na faɗi. Masu akuya ba su tashi ba."

Bayansa ya sauka kan katifa. Cikin da ya yi tauri a ƙarƙashin hannuna ya saki. Ya ja numfashi mai tsawo, da murya a dishe ya ce, "Na tashi."

Ba ta daina shara ba.

"An ba Gajera ruwa?" in ji shi, akuyarsa yake nufi.

"An ba ta," ta ce wa tsintsiyar. "A gaya wa mai ita ya kwanta. Yau an yafe mai kiwo."

Ya lumshe ido. Na ƙirga numfashinsa da agogo, minti ɗaya cif, na sake ƙirgawa. Barci ne na gaskiya. Ita kuwa ta tattara abin da ta share, wanda bai cika cokali ba, ta kwashe a tafinta, ta mai da tsintsiya inda ta ɗauke ta, ta sa takalmi ta fita. Daga shigarta zuwa fitarta ba ta kalle shi ba.

Da Majo ya fito daga bulok, ya mayar da ƙarin ruwan a ɗaya hannun, ya kira likita suka buɗe bandeji. Ɗinkin fata ɗaya ya yanke, shi ya kawo jinin. Na ciki yana nan. Aka sa zaren kifi aka kama wurin. Na gaya wa Majo duk abin da ya faru, har da kuskurena. Ya ce wataƙila lokacin maganin ne ya cika daidai da shigowarta. Ban yi masa gardama ba, shi ya yi karatun. Na dai ce masa daga gobe ina son a riƙa bar mini minti biyar da masu yaro kafin a shiga da shi.

Tun daga ranar tsarina ya zama shida, kuma sabon shi ne a gaba, tun kafin yaro ya ga ƙofar bulok. Tambaya uku nake yi. Wa ke tashe shi da safe? Da me yake tashinsa? Mai sunan da ke kan karne yana da rai ko ya rasu? In uwa ta sunkuyar da kai, ba na matsa mata, sai in nemi wadda ta rako ta. Amsar in rubuta ta da fensir a kusurwar karne. Wanda aka ce shi ke tashinsa, shi kaɗai nake bari ya shigo, in zaunar da shi inda nake so, in karɓe duk wata kwalba da ke jikinsa, in ce ya yi shiru sai na ɗaga masa hannu. Ba kowane yaro abin ke yi wa aiki ba. Wani sai ya gama ihunsa ko wa ka kawo. Amma ban ƙara kiran yaro da sunan takarda ba tare da na tambaya ba.

Yaron ya yi kwana goma sha biyu a ɗakin jinya. Ya yi zazzaɓi, ya sauka. Duk kwanakin nan Ta-Allah ce a gefen gadonsa, uwar na baranda tana dama kunu tana miƙawa ta ƙofa. Ranar da aka sallame su ina tsaye a bakin ɗakina ina shanya safar hannu. Uban ya zo ya kama hannuna da hannu biyu ya yi ta godiya. Yaron na biye da shi a hankali, ya dafe ciki, bai san ni ba, don bai tuna komai ba. Ta-Allah ta nuna ni da baki ta ce masa, "Ga amaryarka nan mai gemu, ba ka gaishe ta?"

Uwar ce a ƙarshe, da ƙullin kaya a ka. Na ɗauka za ta wuce. Da ta zo daidai ni sai ta rage tafiya, ta ɗan rusuna, idonta a kan hanya.

"Malam," ta ce, "an gode da aron tsintsiya."